Tafinta biyu a tsakar gidana

Mu biyar ne a ƙarƙashin rumfar kwanon tsakar gidana ranar, kwana tara bayan Babbar Sallah. Akwai ni. Akwai autata, wadda a kanta aka taru. Akwai ƙanen marigayi mijina, Baffanta ke nan, wanda ya shekara ashirin yana cike wa mutane takardun kaya a bakin tashar jiragen ruwa, har ta kai in zai yi maka sannu sai ya cakuɗa ta da Faransanci. Akwai Alhaji mai ajans, wato tashar motocin arewa, wanda ni da matarsa lungu ɗaya muka tashi a nan New Bell. Na biyar shi ne patiron ɗin autata, mai kamfanin da take wa aiki a Bonanjo, dogon mutum mai farin gilashi, ko "zo in kashe ka" ba ya ji da Hausa. Ruwa ake yi tun asuba, irin namu na Duwala da ba ya gajiya, kwata ta cika har ta fara leƙowa ƙofar gida.

Sai na faɗi abin da ya tara mu tukuna.

Ni ban taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya. Girkin biki ne sana'ata, shekara talatin da ɗoriya, da tukwanen da babban mutum zai zauna a ciki ya naɗe ƙafa. A wurin girkina akwai dokar da ba na sassauta wa kowa: ludayin miya guda ne, wadda yake hannunta ita ce mai tukunya, ita kaɗai ke ɗanɗanawa, ita kaɗai ke zuba gishiri. Na kafa ta ne tun ranar da mata biyu suka ɗanɗani miya ɗaya kusan a tare, kowacce ta ji salam, kowacce ta juya ta ɗebo gishiri ta zuba, muka kwarar da miyar ɗaurin aure a kwata. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu, kowacce abin da harshenta ya gaya mata ta bi. Autata a gindin wannan murhun ta girma, ta sha ranƙwashi a kan ludayin nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ita ta yi boko har inda ya ƙare. Aikinta rubuta wa kwamfuta umarni, ta ce yi kaza, in kaza ya faru yi kaza. Alhaji yana da tagogin sayar da tikiti guda uku, ɗaya a nan unguwa, ɗaya a Sodiko can ƙetaren gada, ɗaya a PK 14 kan hanyar Yawunde, kuma duka kujerun mota ɗaya suke sayarwa. Da can da waya suke kiran juna, ana ihu, ana "ka sayar da ta bakwai?" Da ya gaji ya ba kamfanin Bonanjo aikin haɗa tagogin, kamfanin ya ba autata. Shekara guda cur abin yana tafiya ba tuntuɓe. A shekarar nan duk inda Alhaji ya zauna sai ya ce, "'Yarmu ce ta yi, 'yar unguwa."

Satin Sallah, lokacin da kowa ke neman tafiya gida, abin ya watse. Mutum biyu su zo da tikiti, kujera ɗaya, lamba ɗaya, kowa da gaskiyarsa a hannu. A mota uku aka yi haka. A PK 14 an bar wata mata da 'ya'yanta a bakin titi cikin ruwa saboda motar ta iso a cike. A nan unguwa aka ba hammata iska har gilashin taga ya fashe. Alhaji ya fito gaban fasinjoji da masu lodi da 'yan benskin da ke jiran kwastoma a kan baburansu, ya ɗaga murya ya ce, "Laifina ne da na ɗauki aikin maza na ba mace." Kafin magariba maganar ta zagaye unguwa ta dawo. Ranar Sallah matan da suka shigo gaishe ni sai ka ji sun ce, "Ashiya, sannu Hajiya, mun ji abin da ya sami yarinya," suna faɗa suna leƙen ɗakinta. Kamfani kuma ya ce ta zauna a gida sai an bincika.

Kada wani ya ɗauka goyon bayanta na yi daga farko. Ni ba irin uwayen nan ba ce. Na kira ta kicin na ce, "Auta, zauna. Garin yaya kika zubar mana da mutunci?"

Ta ce, "Inna, dokarki na sa a aikin. A cikin injin akwai ma'aikata da yawa masu aiki lokaci guda, wannan yana sauraron tagar Sodiko, wancan ta PK 14. Allon kujerun mota kuwa guda ne. Na rubuta cewa ba mai taɓa allon sai wanda ludayi ke hannunsa."

"To uban wa ya taɓa?"

"Tafinta ne."

Na ce ta yi mini magana irin ta mutane. Ta ce injin ba ya jin yaren da take rubutu da shi, akwai mai juya masa maganarta zuwa nasa yaren, su a wurin aiki kompilatar suke ce masa. Ita ta rubuta, shi ya fassara, injin ya aikata.

Ina jin kalmar tafinta na ce ashe irinsu ne. Duk macen da ta yi rayuwa a garin nan ba Faransanci ta san su. Lokacin ciwon ajalin mijina, likita ya tsaya ya yi magana mai tsawo, yana nuna takarda, yana ƙirga yatsu, wanda ke fassara mini ya juyo ya ce, "Ya ce ki yi haƙuri." Har yau ban san abin da aka ƙirga da yatsun nan ba. Na miƙe na jawo mayafina daga kan igiya na ce, "Ɗan wace unguwa ne? Bahaushe ne ko ɗan gari? Tashi ki kai ni gidan ubansa."

Ta fashe da dariya, karon farko tun da abin ya faru, har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba, na tsaya da mayafi a hannu sai da ta gama.

"Inna, ba mutum ba ne. Shi ma umarni ne irin wanda nake rubutawa, wasu mutane ne suka yi shi a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba."

"Mutum ko ba mutum ba, me ya ce da ba ki ce ba?"

Ta goge ido ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ita abin da ta rubuta shi ne, mai duba allo in ya ga akwai gyara ya karɓi ludayi ya gyara, in babu ya wuce abinsa. Shi tafintan, don neman sauri, sai ya juya maganar ta zama: ɗauki abin da ke kan allo, ka duba, ka mayar da shi yadda ka gan shi, da gyara ko babu. A ganinsa wanda ya ɗauki abu ya mayar yadda yake bai ɓata komai ba. To amma tsakanin ɗauka da mayarwa wani ma'aikacin ya riga ya rubuta an sayar da kujera ta goma sha biyu. Wannan ya dawo da tsohon abin da ya gani ya shafe sabon. Kujera ta koma kamar ba mai ita, taga ta gaba ta sake sayarwa.

Na ce, "Wato ya cusa hannu a tukunya ba ludayi."

"Haka ne. Kuma ba ni na aike shi ba."

Na tambaye ta me ya hana shi wannan ɓarna shekara guda. Ta ce wancan tsohon tafinta ne. Ana saura sati biyu Sallah patiron ya ce a sauya shi da sabo, wai ya fi sauri, zai ɗauki cunkoson Sallah. Ita ko harafi ɗaya ba ta taɓa ba a rubutunta. Kuma shi ma sabon ba kullum ɓarnarsa ke fitowa ba, sai an yi cunkoson da ma'aikata biyu za su yi karo a kan allo cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. In ka sassauta injin don ka zuba masa ido, sai ya nutsu kamar malami. Ta yi kwana uku tana bin fassarar layi layi kafin ta kama inda aka ƙara mata magana. Ta kai wa patiron, ya ce ba shi da lokacin tatsuniya.

Ban ce na yarda ba. Kwana uku ina jefa mata tambaya ɗaya a lokuta daban, tana wanki, tana cin abinci, ta idar da salla. Tun tana ƙarama in za ta yi ƙarya sai ta ja kunnenta na hagu. Ba ta taɓa kunnen ba, amsar kuma ba ta sauya ba. Ɓarawon da ba ya sata sai ka juya baya kuwa, ba ita za ta koya mini shi ba, na yi aiki da irinsu a gidajen biki.

To, ga mu a ƙarƙashin rumfa. Baffanta ne ya haɗa zaman, ya ce a yi shi a gida a rufa wa juna asiri, shi zai yi tafinta tsakanina da patiron. Autata tana gefe a kan tabarma, kai a sunkuye, jakar kwamfutarta a jikinta. Na kawo ruwa da goro, aka gaisa.

Patiron ya zaro takarda daga jaka ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗora biro a kai. Ya yi magana mai tsawo, ya nuna Alhaji, ya nuna takarda, ya nuna autata sau biyu. Da ya yi shiru Baffa ya juyo ya ce, "Yaya, cewa ya yi abin da ya faru ya riga ya faru, a yi haƙuri. Ta sa hannu a nan a rufe magana."

Na ce, "Duk wannan doguwar maganar ita ke nan?"

"Ai kin san Faransanci, surutu ne da shi."

"Mene ne a takardar?"

"Ta sulhu ce kawai."

Na kalli autata. Ba ta ɗago ba, ba za ta ƙaryata ƙanen ubanta a gaban baƙi ba, ni na koya mata hakan. Amma na ga muƙamuƙinta yana motsi. Na ce wa Baffa, "Gaya masa ba a sa hannu sai na ji abin da ke ciki, daga sama har ƙasa."

Ya juya wurin patiron da murmushi ya yi 'yar gajeriyar magana. A cikinta na tsinci kalma biyu: "mama" da "dakor". Patiron ya gyaɗa kai, ya tura wa autata biro.

Shekara arba'in ina cinikin tumatir da attarugu da matan kasuwar garin nan. In ban san komai ba a Faransanci na san dakor. Da ita ake rufe ciniki, in ka faɗe ta ka yarda ke nan. Na dafa takardar da tafin hannuna.

"Yaushe na ce dakor?"

"Yaya..."

"Na ce yaushe na ce dakor? A gidana, a kan tabarmata, kana cin goron da na fasa, ka ɗauki bakina ka ce abin da ban ce ba?"

Ya fara gyara hula. "Haba Yaya, ai ƙarshenta can za a je. Taƙaita hanya na yi. Alhaji mutuminmu ne, patiron kuma shi ke da aiki a hannu, in aka ja magana yarinya ce za ta sha wuya."

"Wa ya aike ka taƙaita hanya? Auta, ɗauki takardar nan ki karanta mini."

"Yarinya ba ta shiga maganar manya," in ji shi.

"Yarinyar da za ta sa hannu? Karanta."

Ta karanta, tana juyawa da Hausa jimla bayan jimla. Takardar cewa ta yi ita, mai sa hannu a ƙasa, ta amsa cewa sakacinta ne ya jawo sayar da kujera ɗaya ga mutum biyu, ta yarda a cire ta daga wannan aiki da duk mai kama da shi, kamfani kuma yana ba Alhaji haƙuri a kan kuskuren ma'aikaciyarsa. Ba maganar tafinta a ciki, ba maganar wanda ya sauya shi. Wannan ita ce takardar sulhun.

Alhaji ya ce, "Hajiya, kada ki ɗau zafi. Ni dai an fasa mini gilashi, an zage ni a gaban yarana. Dole wani ya ɗauki laifi."

Na ce, "Dole mai laifi ya ɗauka, Alhaji. Ba wanda ya fi sauƙin ɗora wa ba." Na juya ga Baffa na ce ya huta, daga yanzu ita za ta fassara, kalma da kalma, ko zagina aka yi a faɗa mini.

Patiron ya gane iska ta juya. Ya yi magana a natse, autata ta juya mini. Ya ce yana girmama ni, amma wannan tafinta duniya duka da shi take aiki, manyan masana suka yi shi, kuma duk ɗan koyon da aiki ya ɓace masa kayan aiki yake ɗora wa laifi.

Na ce ta gaya masa ni ban san masana ba, tukunya na sani. In mata biyu suna musu a kan wa ya ɓata miya, tukunya biyu nake ɗorawa, kayan miya iri ɗaya, wuta iri ɗaya, in sauya abu guda kawai. Na ce, "Auta, za ki iya ɗora mana tukunya biyu a nan? Rubutunki ɗaya, nan tsohon tafinta, nan sabo?"

Ashe ta riga ta shirya, abin da ta kai masa ofis ke nan ya ƙi kallo. Ta buɗe kwamfutar a kan tebur, ta raba fuskarta gida biyu. Ta nuna wa patiron rubutun ya duba da idonsa cewa guda ne, ya duba yana taɓe baki. Ta ce za ta sa injin ya ƙirƙiro fasinjojin ƙarya masu yawa su yi ta rububin kujeru ta tagogi uku, kamar jajibirin Sallah. Na ce ni me zan kalla? Ta ce, "Hagu tsoho, dama sabo. Duk inda aka sayar da kujera sau biyu, jan layi zai fito."

Ta danna. Ƙananan rubutu suka fara gudu a gefe biyu kamar tururuwa. Muka zuba ido.

Ba abin da ya fito. Ruwa na dukan kwano, rubutu na gudu, ba ja ko ɗigo. Aka ɗauki lokacin da shinkafa za ta tafasa ta tsotse. Alhaji ya miƙe ƙafa ya ce, "Ɓarawon naku ya ga Hajiya ya ji kunya." Baffa ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Patiron ya duba agogo. Autata gumi ya jiƙa mata goshi, ta ce a ƙasa-ƙasa, "Inna, wani lokacin yana daɗewa." Na ce, "Na tambaye ki?" A raina kuwa Allah kaɗai ya san abin da nake karantawa. In abin nan bai fito ba, ni da kaina na ɗaure ta na miƙa musu.

Aka kira la'asar a masallacin bakin layi. Alhaji ya ce a kashe a tafi salla, an gani ai. Na ce ba a sauke tukunya don an kira salla, su je su dawo. Autata ma na ce ta shiga ɗaki ta yi tata, kada a ce ta taɓa wani abu. Patiron ba musulmi ba ne, na nuna masa kujera da hannu ya zauna ya zama shaida. Ni na ce zan yi tawa in sun dawo.

Aka bar mu mu biyu, ni da shi, ba mai jin yaren wani. Ya ciro wayarsa ya duƙufa a kai. Ni ban ɗauke ido daga gefen dama ba. Ban iya karatu ba, amma na shekara talatin ina gane lokacin da mai zai kama wuta tun kafin ya yi hayaƙi. Idona ya fara ruwa, ban ƙifta ba sai dole.

Sai ga shi. Jan layi guda, siriri, a dama.

Na buga tebur da hannu har kofin ruwa ya yi tsalle. Na ce da guntun Pijin ɗina na kasuwa, "Patiron! Luk am!"

Ya ɗago a firgice. Ya matso da fuska, ya cire gilashi ya goge da gefen riga ya mayar. Yana cikin kallo na biyu ya fito a ƙarƙashin na farko. Ya duba hagu, fes. Ya duba dama. Ya kalle ni, na kalle shi, na nuna takardarsa da haɓa. Kafin mazan su dawo suna kakkaɓe ruwa daga riguna, ja ya zama huɗu, hagu kuwa ko ɗaya.

Patiron ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Ya yi magana, autata ta fassara. Ya ce za a mayar da tsohon tafinta a daren nan, za a rubuta wa waɗanda suka yi sabon a nuna musu inda ya karkace, ita kuma ta koma aiki ranar Litinin, ita ma za ta rubuta wasiƙar tunda ita ta gano. Na ce ta tambaye shi wa ya kawo sabon tafintan. Ya ce, "Kamfani." Na ce ta tambaye shi kamfanin yana da baki da ya ba da umarni, ko shi ma sai da tafinta. Ta kalle ni da roƙo. Na ce kalma da kalma muka yi. Ta faɗa masa. Ya yi murmushin da bai kai ido ba ya ce shi ne. Na ce madalla, ya sha ruwansa.

Alhaji ya tafa hannu ya ce, "To alhamdulillahi, komai ya wuce. 'Yarmu ta fita."

"Ya wuce ina?" na ce. "A gaban mutum nawa ka ce ka ba mace aikin maza?"

"Ɓacin rai ne, Hajiya."

"Ɓacin ranka a bakin ajans ka yi shi, gaban fasinja da masu lodi. Wankewar kuma a ƙarƙashin rumfata, gaban mutum huɗu da ruwan sama? Matan da suka zo mini ashiya wa zai bi su gida gida?"

Ya yi dariya yana neman takalminsa. "Ai magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa."

"Bunun da ka zara a rufin wani ka zare shi. Ɗakin 'yata ne ke yoyo."

Ya ce za a duba, ya buɗe lema ya fita. Na san "za a duba" ta Alhaji, tun ta gyaran kwatar layinmu take nan ana dubawa. Patiron ya bi bayansa yana tsallake ruwa da takalminsa mai sheƙi.

Baffa ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu. "Yaya, wallahi alheri na nufa."

Na ce, "Na sani. Shi ma wancan na cikin injin sauri ya nufa, ba mugunta ba. Ka gaida gida. Amma daga yau ko gobara ce ta tashi kada ka sake fassara mini, gara in ƙone ina jin abin da ake cewa."

Da ya tafi autata ta zo ta durƙusa kusa da ni za ta fara kuka. Na ce ta tashi ta kwashe kofuna, la'asar tana neman ƙwace mini. Da na idar na ƙara mata nama biyu a tuwonta.

Washegari ban hura wuta ba. Na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa ɗaurin aure da shi, na yafa babban mayafi. Ruwa ya ɗauke, lungu duk caɓi, na bi gefen gini ina tattare zani har ajans. Na daidaici lokacin lodin motar farko, benci a cike, masu lodi a kan mota suna ɗaure buhuna, 'yan benskin sun yi layi a bakin titi. Gilashin da aka fasa an toshe shi da kwali. Na tsaya a daidai inda aka ce mini ya tsaya ranar, na ɗaga muryar da nake kiran masu ɗauko itace da ita a gidan biki. Na faɗi ko ni uwar wace ce. Na ce kujerun da aka sayar sau biyu ba hannun 'yata ba ne, jiya an gwada a gaban shaidu, kuma Alhaji yana da magana da zai yi musu.

Ya fito daga ofis da kofin shayi a hannu, fuska ba daɗi. "Hajiya, haba, shigo ciki mana."

"A nan ka zare, a nan za ka mayar. Ga su nan."

Ya duba hagu ya duba dama, ya ga kowa ya bar abin da yake yi. Ya ce a ciki-ciki yarinyar ba ta da laifi, injin ne, ita ce ma ta gano matsalar. Na juya na tambayi wani mai lodi da ke can saman mota ko ya ji. Ya ce, "Ban ji ba, Mama!" Na ce, "Alhaji, na sama bai ji ba." Ya ajiye kofin a kan taga ya sake faɗa da ƙarfi, har da cewa maganar da ya yi a kan mace bai kyauta ba. Na matsar da kayan wata fasinja na zauna a bakin benci, na kwance goro na ɓare, na ce masa zan jira lodin mota ta biyu, su ma ba su ji ba.